A SA HANNUN YARA A KARATUN MAKARANTAR LAHADI

Daga Wakilinmu Na Arewa

Duk wanda ya san Mile 2 ya san ta da hayaniyar tasha, da jerin tankokin mai masu jiran shiga Apapa, da motocin da ke ɗiban fasinja zuwa Badagry da Seme har Kwatano. Tun watan Satumba na 2023 kuma ga jirgin ƙasan nan mai tasowa daga Marina ya ƙara mata jama'a. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a unguwannin da ke kewaye da wannan mahaɗa, daga gidajen Jakande zuwa Festac da Kirikiri da barikokin soja har Ojo, akwai ɗimbin 'yan Arewa Kirista waɗanda ke taruwa kowace Lahadi su yi sujada da Hausa. Akwai soja da ɗan sanda, akwai mai gadi da direba, akwai malamar asibiti da ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Wasu daga Filato suke, wasu daga kudancin Kaduna, wasu daga Zuru da Tangale da Tafawa Balewa da Adamawa da kudancin Borno, wasu kuwa Hausawa ne daga ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya. Irin wannan taro akwai shi a Agege da sauran wuraren da 'yan Arewa suka yi yawa a Ikko. To, maganata ta yau a kan 'ya'yan waɗannan bayin Allah take.

Da an gama waƙoƙin buɗe sujada, sai mai jagora ya ce yara su fita zuwa makarantar Lahadi. Sai a tasa ƙeyarsu zuwa bayan majami'a, ko ƙarƙashin rumfar kwano, ko wani ɗaki da ba a gama gininsa ba. Ɗan shekara uku da 'yar shekara goma sha biyu duk a benci ɗaya. Malama ɗaya ce, sau da yawa budurwa ce wadda ita ma ba ta daɗe da tashi daga bencin nan ba, ba a koya mata aikin ba, ba a ba ta ko alli ba, sai tsumagiya a hannu. Za a maimaita aya guda har muryoyi su dushe, a yi waƙar Turanci biyu, a raba biskit, sauran lokacin kuwa "ku yi shiru" ne har manya su tashi. Ban ce ko'ina haka yake ba. Akwai ikkilisiyoyin da suka yi ƙoƙari ƙwarai, Allah ya saka musu. Amma duk wanda ya zaga ya gani zai yarda da ni cewa abin da na faɗa shi ya fi yawa.

Ni a ganina, wannan sa'a guda ta fi kowace sa'a tsada a cikin makon ɗan Arewa mai girma a Ikko, kuma ana zubar da ita a banza. Hanyar ceto ta kuwa ita ce a bar yaran su yi abu da hannunsu da bakinsu: su yi wasan kwaikwayo, su yi zane, su yi gini da yumɓu, su tsara waƙa, su ba da labari, kuma a yi duk wannan da harshen da iyayensu ke sujada da shi.

Don me na ce sa'ar tana da tsada? Dubi makon yaron. Daga Litinin zuwa Juma'a Turanci ne a aji, ga kuma Yarabanci wanda ya zama darasin dole a makarantun Jihar Legas tun da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a kan dokarsa a 2018. A titi Turancin buroka ne. A gida talabijin ne da waya. Uba ya fita tun asuba don gudun cunkoson motoci, ba zai dawo ba sai yara sun yi barci. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikin harsunan nan, domin yaron da zai zauna a Ikko lalle ya kamata ya ji Yarabanci, ya kuma iya Turanci. Amma ina Hausa a cikin makon? Ina harshen kakanninsa? Sai an je gida Kirsimeti abin ke fitowa fili, kaka ta yi wa jikanta magana, shi kuwa ya waiwayi uwarsa ta yi masa tafinta. Sa'an nan idan ya kai shekara goma sha uku aka ce ya shigo cikin manya, ga wa'azi da Hausa, ga Littafin Waƙoƙi da Hausa, shi kuwa ba ya ji. Sai ya sulale ya koma wata majami'a ta Turanci, ko ma ya daina zuwa ko'ina. Dattawa su yi ta cewa yaran zamani ba sa jin magana, alhali tun a kan bencin nan na bayan majami'a aka sake shi.

Har wa yau akwai abin da ya fi wannan ciwo. Yaron nan a makaranta ana ce masa "aboki" da muryar ba'a. A hankali sai ya fara jin kunyar a ji Hausa a bakinsa. Idan wurin da ake Hausa guda ɗaya da ya sani wurin tsawa ne da tsumagiya, to, an gama raba shi da ita. Idan kuwa wurin daɗi ne, wanda yake ƙosawa Lahadi ta zo ya je, kunyar da kanta za ta gudu.

ASALIN ABIN

Ita makarantar Lahadi ba don a kawar da yara daga kunnen manya aka ƙirƙiro ta ba. Mutumin da aka fi danganta ta da shi ɗan jarida ne, Robert Raikes, mai jaridar garin Gloucester a Ingila. A 1780 ya ga 'ya'yan talakawa suna aikin masana'antu kwana shida, ran Lahadi kuwa suna gararamba a titi, sai ya nemo mata su riƙa koya musu karatu da Littafi Mai Tsarki, yana biyan kowace sule guda a ranar. Zuwa 1831 yaran da ke zuwa irin waɗannan makarantu a Biritaniya sun wuce miliyan ɗaya. A lura da abu biyu a nan: makaranta ce ta gaske aka kafa, malamanta kuma an san darajar guminsu.

A ƙasarmu kuwa, a nan Ikko ne mutane uku na farko na mishan ɗin SIM suka sauka a watan Disamba na 1893 da nufin shiga Arewa. Biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a 1894, sai Rowland Bingham ya saura, kuma sai a 1902 aka sami kafa tashar farko a Patigi. A 1904 mutanen SUM suka isa Wase. A 1905 Likita Miller na CMS ya zauna a Zariya. A 1923 aka yi sujadar farko ta mishan ɗin 'Yan'uwa a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga waɗannan tushe ne aka sami ECWA a 1954, da COCIN, da EYN, da sauransu. Tun da yake mutanen da suka karɓi bishara harsunansu ba su ƙidayuwa, sai Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure su. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aka kuma sake wata fassara a 1979.

Idan ka dubi tarihin nan da kyau, za ka ga abin da ya kama ƙasa shi ne wanda mutanen ƙasa suka sa wa hannunsu. Majami'ar Wusasa da aka gina a 1929 ginin ƙasa ce irin na Hausa, magina na gida suka yi ta. Zumuntar Mata kuwa, da tulunansu da gangunansu da cakinsu, su suka ɗauki labaran Littafi suka mai da su waƙa da karin garuruwansu, har matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san labarin Rut da na Hannatu tun daga farko har ƙarshe. Su kansu Turawan mishan sun san gani ya kori ji, shi ya sa suka zo da allon nan da aka lulluɓe da ƙyalle mai gashi-gashi ana manna masa hotuna. Amma aibinsa shi ne malami kaɗai ke taɓawa, yaro ɗan kallo ne. Yau an maye gurbinsa da majigin waya na Turanci, aibin kuwa yana nan bai gusa ba. Yaro har yanzu ɗan kallo ne.

Kada wani ya ce koyo da hannu baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai. Namu ne tun kaka da kakanni. Almajirin makarantar allo shi ke wanke allonsa, shi ke feƙe alƙalaminsa, shi ke haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ranar sauka kuma a yi wa allon zayyana mai kyan gani. Daga goma ga watan azumi yara ke fita Tashe, wani ya yi gemun auduga ya zama tsoho, wani ya zama mai gida marowaci, suna ba da dariya suna kuma gyara halin manya. A ƙauye yaro shi ke ƙera motarsa da kara, ya gina shanunsa da laka, yarinya ta yi wa 'yar tsanarta kitso, da dare a yi gaɗa a dandali, a dawo a yi tatsuniya da kacici-kacici. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a wajen gwaggonta, kafin ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja, a 1954, har duniya ta san ta. A Ikko fa? Babu dandali, babu kara, babu gindin bishiya. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, ƙofa kuma titi. Abin takaici, ga Festac nan maƙwabciyar Mile 2, garin da aka gina don bikin nuna al'adun baƙar fata na 1977, amma a cikin inuwarsa akwai 'ya'yanmu da ba su taɓa murza yumɓu da hannunsu ba. Saboda haka makarantar Lahadi ce ya kamata ta zama dandalinsu.

YADDA ZA A YI

Abu na farko, a raba yaran kashi uku gwargwadon shekarunsu. Ƙanana a ba su gini da waƙa mai motsa jiki. Matsakaita a ba su zane da wasan kwaikwayo. Manya kuwa, daga shekara goma zuwa sama, su za su rubuta wasan, su kuma taimaka wajen kula da ƙannensu. Abu na biyu, malama ta ba da labarin a taƙaice, kada ya wuce minti goma, sauran lokacin na yaran ne.

Bari in ba da misali. A ɗauki labarin Basamariyen nan mai tausayi da ke cikin Luka sura 10. Maimakon a karanta a wuce, a ce wa yara su mai da shi kan hanyar Badagry. Ga mutum ya sauko daga motar dare ta Jos, 'yan daba suka tare shi suka ƙwace jakarsa suka bar shi kwance. Ga babban mutum ya zo ya wuce, ga wani mai riƙe da littafin addu'a ya zo ya ratse. Sai malama ta tambaye su: a layinku wane ne aka fi rainawa? Wanda suka ambata, ko mai shara ne, ko mai turin baro, ko ɗan wata ƙabila, shi za a sa ya tsaya ya ɗauki mutumin. Yaron da ya kwanta a kan tabarma ya ga ƙafafun mutum biyu sun wuce shi, ba zai manta da ma'anar maƙwabci ba har ya tsufa. Ban da haka, a cikin wasan nan ya kama kalmomi irin su tausayi da jinya da masauki da lada, ba tare da an ce masa ya haddace su ba.

Ko kuma a ɗauki labarin Yusufu, wanda Musulmi da Kirista duk sun san shi. Wannan ya isa a yi Lahadi huɗu a kansa. Mako na farko a karɓo guntayen atamfa daga wajen tela, yara su ɗinka rigar nan mai ado da ta jawo masa hassada. Mako na biyu a yi wasan rijiya da fatake. Mako na uku su gina rumbunan Masar da kwali. Mako na huɗu a yi haɗuwarsa da 'yan'uwansa. A nan akwai wurin da ya kamata malama ta tsaya a kai. Littafin Farawa sura 42 ya nuna cewa Yusufu ya yi magana da 'yan'uwansa ta bakin tafinta, ba su san yana jin abin da suke faɗa a tsakaninsu ba. Watau bayan shekaru sama da ashirin a baƙuwar ƙasa, da mulki a hannunsa, da harshen Masar a bakinsa, bai yar da harshen gidan ubansa ba. Wane darasi ne ya fi wannan dacewa da ɗan Arewa a Ikko?

Kayan aiki kuwa suna nan zube a titi. Kwalayen da 'yan kasuwar Alaba ke yarwa sun isa a gina jirgin Nuhu, kuma yaran da suka saba ganin manyan jirage a Apapa ba sai an yi musu dogon bayani ba. Murafun kwalba a huda su a zura a waya, an sami caki. Gwangwanin madara da tsakuwa ya zama abin kiɗa. Gawayi da bayan tsohuwar kalanda sun isa zane. Inda aka sami yumɓu, a karanta musu labarin Irmiya a gidan maginin tukwane, sura 18, sa'an nan kowa ya gina 'yar tukunyarsa, in ta lalace ya murje ya sake, yadda labarin ya nuna. Inda ba a samu ba, a jiƙa tsofaffin jaridu a kwaɓa da sitacin rogo, shi ma yana ginuwa.

Wajen waƙa, a roƙi iyayenmu na Zumuntar Mata su riƙa ba da mutum biyu sau ɗaya a wata, su zo da tulu da ganga. Kada su zo su rera yara su saurara. A ba yaran ayar makon, a ce kowane kashi ya nemo mata amshi da kansa, su kuwa iyaye su gyara kari su sa kiɗa. Ayar da yaro ya sa wa murya da kansa ta zauna ke nan. Shugabannin Boys' Brigade da Girls' Brigade su ma suna da horo a kan kiɗa da riƙon yara, bai kamata a bar gwanintarsu sai ranar maci ba.

Akwai kuma wani amfani na zane wanda ba a cika faɗa ba. Ba dukan 'yan Arewa ne suka zo Ikko don neman kuɗi ba, wasu gudu ne ya kawo su. A 2014 aka kwashe 'yan matan Chibok, aka kama Gwoza da Mubi, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi sai da aka tashe ta. A jajiberin Kirsimeti na 2023 aka kai hari ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Duk lokacin da irin wannan ta faru, akwai yaran da ake turowa wurin kawu ko inna a Ikko. Irin yaron nan yakan zauna shiru a ƙarshen benci, a ce miskili ne. Ba shi takarda da gawayi, abin da bakinsa ya kasa faɗa hannunsa zai fitar. Malama kada ta tsare shi da tambaya a gaban 'yan'uwansa, ta dai adana zanen, ta sami fasto da masu riƙonsa a keɓe. Masu aikin agaji a sansanonin gudun hijira sun daɗe suna amfani da wannan hanya.

Sharaɗi guda ne zan kafa, kuma da ƙarfi. Kada a yarda a yi wasan da za a mai da wani addini ko wata ƙabila abin dariya. Yaran nan a gida ɗaya suke da 'ya'yan Musulmi 'yan'uwansu 'yan Arewa, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa da 'ya'yan Yarabawa da na Ibo. Wanda ya tuna rikicin Idi-Araba na 2002 da na Mile 12 na 2016 ya san cewa idan wuta ta tashi a Ikko ba a tsayawa a tambayi ɗan Arewa inda yake ibada. Abin da aka shuka wa yaro da dariya ya fi wanda aka shuka masa da wa'azi saurin tsiro, saboda haka a kula da irin da ake zubawa.

MASU JA DA MAGANAR

Na san akwai dattawan da za su ce gidan Allah ba gidan wasa ba ne. Ina girmama su, amma ina roƙonsu su sake duba Littafin da ke hannunsu. Yesu Almasihu da misalai ya koyar, da mai shuka, da taru, da yisti, da tsabar kuɗin da ta ɓace wa mace a ɗaki, watau abubuwan da mutane ke taɓawa kullum. Markus sura 10 ta nuna ransa ya ɓaci sa'ad da almajiransa suka kori masu kawo masa yara. Fitowa sura 31 kuma ta ba da labarin Bezalel, wanda Allah da kansa ya ba gwanintar sassaƙa da ƙira don aikin wurin sujada. In kuwa tsoron siffanta annabawa ne, ba dole sai an zana fuskar kowa ba. A zana tunkiya, a zana jirgi, a zana hanya da rijiya, darasin zai fita.

Iyaye kuma za su ce, mu Turanci muke so 'ya'yanmu su iya, da shi ake cin jarrabawa. Gaskiya ne. Amma yaron da ke jin Turanci kwana shida, sa'a guda ta Hausa ba za ta rage masa kome ba. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin a Jami'ar Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci yana darasi guda. Yaran ba su gaza a Turanci ba, a sauran darussa ma sun yi fice. Kada kuma a zauna jiran gwamnati. A 2022 ta ce a koyar da harshen uwa a firamare, a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan tsari. Ko da ma ba a soke ba, a Mile 2 wa zai koya wa ɗanka Hausa a aji? In gida da majami'a ba su yi ba, babu mai yi.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi, ba kuwa zan kauce mata ba. Mutumin Berom ko Bajju ko Bura ko Zaar zai ce, ai Hausa ba harshena ba ne, ita ce ma ta cinye nawa a gida, don me zan ɗora wa ɗana ita a Ikko? Maganarsa tana kan hanya. Harsuna da yawa na Filato da Bauci da kudancin Kaduna sun raunana saboda Hausa. Amma a majami'ar da ƙabila goma sha suka haɗu, ba ta yiwuwa a buɗe aji goma sha, Hausa ce kaɗai kowa ke ji. Abin da za a yi shi ne a mai da ita gada. A zana babbar taswirar Arewa a bango, kowane yaro ya je ya tambayi iyayensa sunan garinsu, ya zo ya manna. Kowace Lahadi gari ɗaya ke da rana: yaron ya koya wa 'yan'uwansa gaisuwa da harshensu, ya zano dutsen garin ko kogin yadda aka kwatanta masa, uwarsa ta zo da waƙa guda. Ta haka uban da bai taɓa zama ya ba ɗansa labarin gida ba, dole ya zauna, domin ɗan ya zo masa da aikin makaranta. Hausa ta buɗe ƙofa, harshen gida ya shigo.

Masu cewa babu kuɗi kuwa, a yi hakuri, ban yarda ba. Ikkilisiyar da ta iya sayen manyan lasifikoki da janareta da kujerun alfarma na baƙi, ba za ta kasa sayen almakashi goma da tabarma biyar da kwalin alli ba. Yara ma suna ba da baiko kowace Lahadi. Ina kuɗin ke zuwa? Ko shi kaɗai aka bar wa ajinsu, da an ga canji.

KIRA

Saboda haka ina kira ga dattawan ikkilisiyoyin Hausa na Mile 2 da Agege da sauran Ikko, su sa makarantar Lahadi a cikin kasafin shekara da sunanta, su kuma ba yara wuri mai rufi da tsaro, nesa da bakin titi. Su daina tura wa yara wanda ya rasa abin yi, su zaɓi malamai yadda suke zaɓen ma'aji, a kuma riƙa ba su ko kuɗin mota. Kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara, a sa biyu a kowane aji, domin kare yaran da kuma kare malaman. Maza su ma su shigo, tarbiyya ba aikin mata kaɗai ba ne. Sau ɗaya a wata uku a ba yara minti goma sha biyar a gaban manya su nuna abin da suka yi, kada a jira sai Kirsimeti.

Ina kira ga hedkwatocin ECWA da COCIN a Jos, da EYN a Kwarhi, da HEKAN a Kaduna, su tuna cewa ɗan ikkilisiyarsu da ke girma a Ikko ko Fatakwal halinsa dabam ne da na Kagoro ko Gindiri. A shirya masa ɗan littafi na musamman, Hausa mai sauƙi a gefe ɗaya, Turanci a ɗaya gefen, kowane darasi da aikin hannunsa. Makarantun horar da fastoci, irin su TCNN ta Bukuru, su tabbata duk wanda zai fita ya taɓa tsayawa a gaban yara ƙanana ya koyar, domin wanda ya iya riƙe hankalin ɗan shekara biyar, na manya ba zai gagare shi ba.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya dawo da 'yar karkatacciyar tukunya ko zanen da ba ku gane kansa ba, kada ku ce ya ɓata kayan Lahadinsa. Ku ajiye aikin da kuke yi, ku tambaye shi labarin, da Hausa ko da harshenku, ku saurara har ya gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake yi, a hankali, in aka sa ƙarfi karyewa zai yi. Yaran da ke kan bencin nan yau su ne dattawan ikkilisiya nan da shekara talatin, in har sun tsaya. Tsayawarsu kuwa tana ga abin da aka yi da wannan sa'a guda.

Allah ya raya mana su, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.